Likita bai taɓa cikin Habu ba

Salamu alaikum 'yan uwa. Maigidana Malam lafiya lau, 'yata Ummi ta warke, Iya surukata sai ciwon gwiwa. Autana Habu ne ba lafiya. Zazzaɓi yana tafiya yana dawowa, kuma ƙasan haƙarƙarinsa na hagu ya yi tauri.

Jiya muka taso daga Mai'adua zuwa asibiti a Daura, aka ɗebi jininsa. Likita yana tambayata yana danna kwamfuta, bai ɗago kai ba. Na ɗage rigar yaron, na riƙe har hannuna ya gaji.

Na ce, "Likita, ba za ka ɗan latsa cikin ba?"

Ya ce, "Mama, gwaji ya nuna maleriya ce. Ki ba shi magani, kin ga layi a waje."

A gida Iya ta latsa wurin, ta ce, "Saifa ce! Kwamfuta yatsu gare ta? Ran Juma'a wanzami zai zo ya tsaga masa."

Ni askar nake tsoro, ga taurin yana nan. Ma'aikatan asibiti da ke cikin wannan zaure, in na koma, ina da ikon cewa sai an taɓa shi? Don Allah ku amsa da Hausa, da girma na koyi karatu. Ku taimaka kafin Juma'a, don ba ni da bakin hana Iya sai da hujja.