Kawu Saiti da Duniyar da Ya Miƙar

Idan Kawu ya shigo ɗakinka, kafin ya amsa sannu da zuwa sai ya gyara maka kalandar bango. Hular yaro, ƙafar tebur, labulen ƙofa, duk abin da ya karkace a gabansa sai ya kai hannu. Matarsa ta ce ko a hoton aurensu ba ita yake kallo ba, ɗankwalinta yake harara don ya zame gefe. Shi ya sa dangi suka laƙaba masa Kawu Saiti, shi kuwa har gobe yana ɗauka yabo ne.

Shekara ashirin da shida ya yi yana riƙe da makullan sito a wata ƙaramar sakandare. Alfaharinsa ɗaya ne, kuma babu taron dangin da bai maimaita shi ba: “Ko allura ba ta taɓa lalacewa a hannuna ba.” Ba ƙarya ya yi ba, tunda abin da aka kulle ba a taɓa shi. Malami zai zo neman gilashin ƙara girma, Kawu ya ce, “Me za ka yi da shi? Zana musu a allo mana.” Burinsa shi ne ranar ritaya a miƙa masa takardar yabo a gaban ɗalibai, ya rataye ta a falo.

A shekararsa ta huɗu da kama aiki aka kawo wa makarantar kwalin kayan kimiyya. Yana hawa matakala da shi sai ya yi tuntuɓe, kwali ya bugi bango. Ya waiga, babu kowa. Ya shige sito ya rufo ƙofa, ya buɗe. A ciki akwai ƙwallon duniya, shuɗi mai sheƙi, da ƙasashe da tekuna a jikinsa, an soke shi da sandar ƙarfe a kan gindi. Kuma ga shi a karkace, ya jingina gefe kamar mai jin barci.

Kawu ya ɗauka bugun bangon ne ya karkatar da shi. Ya tura da yatsa, ya ƙi miƙewa. Ya sa ƙarfi, ya ƙi. Da aka tashi daga makaranta sai ya cusa shi a buhu, ya ɗaure a bayan keke, ya nufi shagon mijin ƙanwarsa, mai walda.

“Yaya, me ka sato mana?” in ji Mai Walda.

“Rufe bakinka. Kayan hukuma ne. Miƙar min da shi, kuma kada kowa ya ji.”

Mai Walda ya juya ƙwallon, ya duba gindin. “Anya kuwa? Ni dai ban ga alamar bugu ba. Kamar haka aka ƙera shi.”

“Wane mahaukaci ne zai ƙera abu a karkace? Kai dai da ka bar makaranta a aji uku, yi aikinka.”

Mai Walda ya yanke ƙarfen, ya tayar da shi tsaye cak, ya liƙe, ya shafa baƙin fenti. Washegari duniya ta shiga kabad mai gilashi, a miƙe kamar soja. Malaman kimiyya huɗu suka zo suka tafi, babu wanda ya ce uffan, don babu wanda Kawu ya bari ya matso kusa. Shugabannin makaranta kuwa kowanne sai da ya ɗauki hoto a gefenta, hannu a kan gilashi.

Saura mako uku ya yi ritaya aka turo wata sabuwar malamar kimiyya, yarinya ƙarama wadda ba ta san ana tsoron Kawu ba.

“Baba, a ba ni ƙwallon duniya. ’Yan aji biyu zan nuna wa yadda lokutan shekara ke sauyawa.”

“Allo ya ƙare ne?”

“Allo ba ya juyawa, Baba.”

Sai da ta kawo takarda daga ofishin Shugaba sannan ya buɗe kabad. Ya ɗauko da kansa, ya kai aji da kansa, ya tsaya a bakin taga yana gadin kayansa.

Malama ta sa aka rufe tagogin ɗaya ɓangaren, ta ɗora fitila a kan tebur, ta ce wannan ita ce rana. Ta ɗauki ƙwallon tana zagaya tebur da shi, tana cewa yara su lura da inda haske ya fi sauka. Ta zagaya sau ɗaya. Ta sake. Hasken bai sauya ba, kullum a tsakiya yake. Ta tsaya, ta ɗaga ƙwallon, ta ƙura masa ido.

“Ikon Allah. Wa ya miƙar da wannan?”

Kawu ya gyara tsayuwa.

“Ku saurara,” in ji ta. “Duniya ba a tsaye take ba. Ta jingina gefe, digiri ashirin da uku da rabi. Tana zagaya rana a haka, shi ya sa wasu watanni rabinta na arewa ke fuskantar rana sosai, wasu watanni kuma na kudu. Daga nan ake samun lokacin zafi da na sanyi, wani lokaci yini ya yi tsawo, wani lokaci dare. Da a tsaye take kamar wannan, da shekara duk fuska ɗaya ce da ita.” Ta kankare fentin gindin da farce, tabon walda ya fito. “Wani gwani ne ya zauna ya ɓata shi da hannunsa. Baba, gobe zan nuna wa Shugaba.”

“Ai haka kamfani ya kawo shi,” in ji Kawu.

Da yamma buhu ya sake hawa bayan keke. Mai Walda, wanda yanzu furfura ta cika masa gemu, ya saurari bayani har ƙarshe, sannan ya ajiye tabaraunsa ya zauna a ƙasa don dariya.

“Yaya, maimaita. Me zan yi?”

“Ka karkatar da shi.”

“Wane mahaukaci ne zai ƙera abu a karkace? Ni fa a aji uku na tsaya, ban gane ba.”

“Don girman Allah, ka yi.”

Kawu da kansa ya riƙe ma’aunin kusurwa da ya aro daga jakar ’yarsa. Yana kallon ƙarfe na jingina yana runtse ido, kamar haƙorinsa ake cirewa.

Da safe ya ajiye ƙwallon a teburin Malama, fenti bai ko bushe ba. Ta dubi ƙwallon, ta dubi baƙin da ke yatsunsa.

“Kamfanin ne ya zo jiya, Baba?”

Kawu ya ɓoye hannuwansa a baya.

“To, ba zan je ofis ba. Amma kabad ɗin nan ba za a ƙara kulle shi ba. Kuma ina da aji shida. Kai za ka riƙa zagaya min tebur da shi, hannuna ya gaji.”

Haka Kawu ya ƙare aikinsa. Mako uku yana kewaya fitila da karkatacciyar duniya a ƙirji, yara na ihu, “Baba, ai ka sake miƙar da ita! Jingina ta!”

Ranar ritaya aka ba shi takardarsa. Shugaba ya karanta da ƙarfi cewa a tsawon shekara ashirin da shida babu abin da ya lalace a hannunsa. Malama ta fi kowa tafi.

Mai Walda ne ya zo da guduma ya kafa takardar a falo, dangi na zaune. Ya buga ƙusa, ya rataya, sannan ya sa yatsa ya tura ta gefe.

“Ashirin da uku da rabi, ko Yaya? In ba ta yi ba ka faɗa, sai in ba jama’a labarin inda na koyi awon.”

Hannun Kawu ya ɗaga, ya tsaya a iska, ya koma aljihu.

Takardar tana nan a karkace har yau. Kawu ya juya kujerarsa ta ba ta baya. Yana ganin asirinsa a rufe yake, don ba wanda ya gaya masa cewa matarsa ta ji a bakin ƙanwarsa, ta kuma ba kowa labarin tun ranar da buhu ya fara hawa keke.