Sunan da Inna Tumba Ta Tafi da Shi

Kakata, Inna Tumba, ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba, ko da wasa. A Danchadi muka tashi, zamanin Turawa. Lokacin sanyi, da an yi magariba sai ta hura wutar kara a ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta muna gasa gyaɗa. In ta gaji da Gizo sai ta ce, "Wagga ba tatsuniya ta ba." Nan muke sanin labarin kakanmu za a yi.

Wai shi ɗan gidan marina ne a Sifawa. Shekarar da ake kwasar mutane aikin hanya na tilas, yaran hakimi suka zo da sunaye a takarda, nasa na ciki. Ya bar geronsa a tsaye ya tsere Lambara, ya ce da su Na'Allah yake. Da aka fara shinshino shi ya komo Danchadi, aka yi ta kiransa Baƙo. Nan ya aure ta, nan ya rasu babana yana goye.

Ni kuwa ɗan naci, kullum sai na tsare ta da tambayar sunansa na yanka. Takan ɗaga mini mafici ta ce, "Kai, maigidan banza! Ni in kira sunanai? Ina ka ga anka yi haka?" Mu kwashe da dariya. Wallahi gani nake tana nan har abada.

Bayan rasuwarta aka haifa mini ɗan fari, na ƙudura mayar da sunan kakan. Kwana bakwai gare ni. Na hau keke zuwa Lambara, tsofaffi suka ce Na'Allah kawai suka sani. A Sifawa wani tsohon liman ya ciro salsalar gidan marina daga gafaka, rubutun ajami, gara ta ci gefe. 'Ya'ya maza biyu ne, Umaru da Abdu, kuma gaban kowanne an rubuta "ya fita". Ashe su biyun a shekara ɗaya suka gudu. Liman ya ce abin da ya tuna, ɗaya dogo ne, ɗaya gajere.

Kaina ya ɗaure tamau. Inna ta ba mu labarin tarinsa, da son furarsa, har da takalmin da ya yar a fadama, amma ba ta taɓa zancen tsayinsa ba.

Ran suna na runtse ido na ce Umaru. Da aka sanar, uwata ta ce ita ba ta kiran sunan suruki, Baba za ta ce. Matan gida duk suka bi ta. Yau yaron har ya yi furfura, Baba yake.

Na daɗe ina jin haushin Inna. Yanzu kuwa tambayar kaina nake, kunya ce zalla, ko har lokacin ɓoye shi take yi wa masu takarda? Ban sani ba. Na dai san ni ma a takarda na je nemansa, ban same shi ba.