Abin da Leɓenta Ya Faɗa

Edna Duxbury tana da shekara goma sha biyu ta shiga masaƙa a garin Burnley na Ingila, kafin ta kai ashirin ƙarar injuna ta cinye mata rabin ji. Ko a jikinta. A ɗakin saƙa ko ihu ka yi ba mai jin ka, don haka matan da leɓe suke hira daga bango zuwa bango, har su ci naman shugaban aiki yana tsaye a gabansu. Injuna huɗu take riƙe da su, kuma duk layin ba wadda ta kama ƙafarta. Tana son aikin nan kamar ranta.

Sai mijinta Seth ya samu aikin akawu, ya fara ɗaura laktaye, kansa ya kumbura.

"Matar akawu ba ta fita da takalmin katako," in ji shi. "Ran Asabar ki ajiye aikin masaƙar nan."

Da ya ga magana ta ƙi ci, sai ya kai ta silima, wai ta ga darasi. A lokacin fim ba ya magana, rubutu ake haskawa, wani yana kaɗa piyano a gefe. Labarin wata matar aure ce da ta kama aikin ofis, gida ya lalace, ɗanta ya kwanta ciwo. A ƙarshe ta durƙusa gaban miji tana kuka, rubutu ya fito: "Na tuba, maigida. Na bar aiki har abada."

Seth ya zungure ta da gwiwar hannu. "Kin gani ko?"

Edna kuwa ta gani, fiye da shi ma. Ta tuntsire da dariya, matan masaƙa da suka cika kujerun baya suka ɗauka, har mai piyano ya rikice.

"Mene ne abin dariya?" Seth ya tambaya, fuska a murtuke.

"Kai rubutu ka karanta, mu bakinta," ta ce da ƙarfi, don ba ta iya magana a hankali ba. "Cewa ta yi, 'Ɗaga ni mana, malam, gwiwata ta yi tsami, kuma gobe da sassafe ina da wani aikin.' Baiwar Allah, ashe ita ma 'yar'uwarmu ce!"

Shekara talatin da ɗaya Edna ta ƙara a masaƙa, amma safiyar Litinin ɗin da ta biyo bayan silimar nan ce 'ya'yanta suka fi ba da labari. Ta sa takalmin katako, ta yafa mayafi. Seth ya biyo ta bakin ƙofa.

"Edna, in kika fita, kin kunyata ni a garin nan."

Ta juyo ta dube shi, ta motsa leɓe ta yi doguwar magana ba sauti. Shi kuwa bai taɓa aikin masaƙa ba, balle ya iya karanta leɓe.

"Me kika ce?"

"Cewa na yi na tuba, maigida," ta ce, ta ja ƙofa ta tafi aiki.