Daminar Da Na Yi Jiran Kwamfuta

Na sha wahala a daminar nan, kuma ba wani kaya na ɗauka ba. Zama ne kawai ya ci ni.

Ni maigadin rana ne a wata sakandaren gwamnati da ke kan hanyar Dutse zuwa Kiyawa. Bokona a aji huɗu ya tsaya. A shekarun da aka fara maganar shari'a, sai aka ce za a kawo wa makarantu kwamfuta don yara su koya, amma sai makarantar da ta shirya ɗaki. Shugaban makarantarmu ya ɗauki abin da zafi. Aka kwashe aji guda aka cusa yaran a wani ajin, wasu har a ƙasa suke zama. Aka buga silin, aka sa ƙarfe a tagogi, aka ja waya, alhali wutar sai ta ga dama take zuwa. Gyaran rijiyar makaranta ma aka ɗaga shi saboda ɗakin. Aka shimfiɗa leda, ba a shiga da takalmi.

Ranar da aka ba da dogon hutu, shugaba ya kira ni ya danƙa mini makulli.

"Malam, motar kayan tana iya zuwa ko yaushe, ko Asabar ko Lahadi. In ba su tarar da kowa ba, gaba za su yi da su. Kada ka matsa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, gona fa?"

"Sati ɗaya ne. In ya yi yawa, biyu."

Da ma hutun damina shi ne nawa. Nakan leƙa makaranta da safe, in hau keke in koma ƙauye in yi noma. A garinmu da gayya ake nome gero. Yau a taru a gonar wannan, jibi a ta wancan. Ba mai rubuta wanda ya zo, amma kowa ya san fartanyar da ya gani a gonarsa.

Na zauna. Makaranta babu kowa sai ni da awakin da ke fakewa a baranda in ruwa ya sauko. Da na ji ƙarar babbar mota a titi sai in miƙe in karkaɗe riga, ta wuce. Kullum sai na buɗe ɗakin na share shi, na goge teburan da babu komai a kansu. Ban ma san kamar abin da nake jira ba. Wani ya ce mini kamar talabijin take, sai dai ana taɓa ta. Sallar Juma'a ma a gurguje nake yi in dawo. Sai maigadin dare ya zo bayan magariba nake tafiya gida.

Gayya huɗu aka yi babu ni, har da ta yayana, ɗan wan babana. Na aika masa da goro da ban haƙuri. Ya karɓi goron kawai.

A sati na biyar ciyawa ta rufe gerona. Na roƙi maigadin dare ya riƙe mini wuni ɗaya, na sa aka faɗa a masallaci cewa gobe gayyata ce. Maiɗakina ta daka fura, ta tuƙa tuwo babbar tukunya. Na kai komai ƙarƙashin kuka a bakin gona, na zauna ina duban hanya, irin duban da na saba.

Hantsi ya yi, mutum ɗaya ya ɓullo. Yayana ne, yana jan ƙafa.

Na ce, "Yaya, ina jama'a?"

"Suna jiran mota," in ji shi. Ya zauna ya buɗe ƙwaryar fura. "Sun ce ka kira kwamfutar taka ta nome maka."

"Ai aikin gwamnati ne ya riƙe ni."

"To gwamnatin ta zo mana. Ga fura nan ta ishe ta."

Mu biyu muka yi kunya shida kafin azahar, sai ciwon baya ya tsayar da shi. Tuwon nan muka mayar gida, aka rarraba wa maƙwabta. Maiɗakina ta wanke tukunyar ta kife ta. Da yayana zai tafi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Gobe gayyar wanzami ce. Ni dai na faɗa maka."

Na san in motar ta zo babu ni, aikina ya tafi. Na kuma san in gero ya ƙara sati a haka, babu abin da zai shiga rumbu.

Washegari bayan asuba na rataye makullin a ƙusar da ke bayan ƙofa, na bar keken a zaure, na saɓa fartanya zuwa gonar wanzami. Na tarar an ja layi. Ba wanda ya ce mini sannu. Wani dai ya matsa gefe kaɗan, na shiga na sunkuya.