Mai Gilashin da Jininsa Ya Daina Tsayawa

Lallaɓa ake ce masa a layin masu gyara, domin duk sa'ad da za a sauke masa kaya daga mota, kalmarsa ɗaya ce: a lallaɓa. Shekara talatin da ɗaya yana yanka gilashi a shago mai ƙofa ɗaya. Teburinsa shimfiɗe yake da tsohon bargo. Zai ɗora doguwar rula, ya ja abin yanka sau ɗaya, ƙiii, ya sa manyan yatsu ya ɓalle, gilashi ya rabu kamar da ma haka aka yi shi. Tagogin rabin unguwa aikinsa ne.

Yanka kuwa bai ɗauke shi bakin komai ba. In gilashi ya yanke shi, sai ya tsotse yatsa, ya naɗa tsumma, ya ci gaba. Matarsa takan yi masa tsiya, ta ce hannunsa ya fi katakon yanka nama shan wuƙa.

Wata Talata da hantsi gefen madubi ya ɗan shafe shi a gindin babban yatsa, abin da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Ya naɗa tsumma, tsumma ya jiƙe. Ya sake wani. Har azahar jini na tsattsafowa. A watan nan kuma dasashinsa ya fara jini in ya goge baki, ga wasu tabbai baƙi-baƙi a cinya da bai san inda ya buge ba. Da haɓo ya zo masa yana tsaka da awon taga a gidan mutane, sai matarsa ta tasa shi gaba zuwa asibiti.

Bayan gwaje-gwaje likita ta zaunar da su.

"Baba, an taɓa yi maka ƙarin jini?"

"Sau ɗaya. Ina saurayi, gilashi ya faɗo min a cinya."

"Mai yiwuwa a nan ka samo cutar. Ciwon hanta ne, nau'in C. Yakan yi shekaru bai ce uffan ba."

"Hanta kuma? Ni yatsa na kawo miki."

Ta juyo masa da takardar. Ta ce hantar ta yi tabo ta taurare, jini ba ya ratsa ta da sauƙi, sai ya koma ya taru a saifa. Saifar ta kumbura tana riƙe ƙwayoyin jini. Waɗanda ke toshe ciwo su tsayar da jini, mai lafiya yakan sami dubu ɗari da hamsin zuwa sama a awo. Nasa dubu arba'in da biyu ne. Fararen da ke yaƙi da cuta sun ragu, jajayen ma haka, shi ya sa yake haki a kan matakala.

"Akwai magani?" in ji matarsa.

"Na kashe ƙwayar cutar akwai. Tabon ne ban yi muku alkawari ba. Kuma gilashi, Baba, a haƙura da shi."

Ya sha maganin wata uku bai tsallake rana ba. Aka sake gwaji, aka ce ƙwayar cutar ta tafi. Matarsa har ta yi girki ta raba wa maƙwabta. Shi kuwa layi ɗaya yake nema a takarda, wanda ya koyi gane shi ko babu tabarau. Dubu arba'in da biyar. Bayan wata uku, talatin da takwas.

Ya gwada aiki da safar hannu mai kauri, amma yatsunsa ba sa jin inda gilashi zai ɓalle. Ya fasa manya biyu a mako guda. Sai ya miƙa wa ƙanensa makullin shago.

"Yaya, ka riƙa zuwa kana zama mana, ko awo ka duba min."

Ya je sau huɗu. Kujera aka ajiye masa a waje, nesa da tebur, kowa na kaffa-kaffa da shi. Ƙanen na jan abin yanka sau biyu a layi ɗaya, Lallaɓa na jin ƙarar har cikin haƙoransa. Sai ya daina zuwa.

Yanzu yana gida. Cikinsa ya fara tara ruwa, wandunansa ba sa ɗauruwa. Mura in ta kama shi sai ta yi wata. Matarsa ta kwashe reza da almakashi ta kulle a akwati, ita ke yanke masa farce a tsakar gida da rana, a hankali, tana riƙe numfashi.

A zuwansu na ƙarshe likita ta ambaci dashen hanta, ta faɗi nisan wurin da ake yi da tsawon layin masu jira, muryarta ƙasa-ƙasa. Suka fito suka zauna a bencin baranda.

"Malam, me ka gani?" in ji matarsa.

"Talatin da ɗaya."

"Ko mu je wani wurin a sake awo?"

Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu.

"Tashi mu tafi kafin rana ta yi zafi," ya ce. Sai da ta kama shi ya iya miƙewa.