Yarinyar da Takarda Ta Haɗiye

A gidanmu, can wajen Shanono, ba mai ɗanɗana sabon gero sai Kaka ta zuba kunun farko a gindin tsamiyar bakin rijiya. Rabon ƙanwar kakanta ne. Wai a zamanin sarakunan da, kafin Turawa su ci Kano, wani baƙo Bajamushe ya sauka a inuwar nan, ya zana yarinyar, daga ranar ba a sake ganinta ba. Takarda ta haɗiye kurwarta, in ji Kaka. Shi ya sa ko hoton da ake ɗauka a cocinmu ba ta yarda a ɗauke ta.

Da na gama sakandare na samu aiki a wani shagon fotokwafi a Rijiyar Zaki. Wata rana wani ɗalibi ya kawo littafin tsofaffin zanen Jamusawa, ina kifa shafi injin yana tofowa. Sai ga tsamiyarmu, da reshen nan da ya karkato kan rijiya. Ga yarinya da tsagar gidanmu a kumatu, igiya a wuyanta. Mutumin da ke miƙa igiyar shi ma tsagar gidanmu ke gare shi.

"Malam, me aka rubuta a ƙasa?"

"Manomi yana ba fatake 'yarsa a shekarar yunwa. Ke, lafiya? Kamar kin ga aljani!"

Na ce masa ba komai, na sake buga shafin sau ɗaya don kaina.

Na tafi gida da kwafi ɗaya. A mota na ninke gefen da mutumin yake, na mayar da shi baya. Kaka ba ta gani sosai, sai da ta kai takardar dab da hancinta. Ta daɗe tana shafa kumatun yarinyar.

"Ashe 'yar ƙarama ce," ta ce. "Ko zanen kirki ba su ɗaura mata ba."

Sai yatsanta ya bi igiyar har bakin ninkin. Na yi maza na ce:

"Kaka, can ba komai, jeji ne kawai."

"Ke, tafi can. Igiya tana riƙe kanta ne?"

Ba ta buɗe ba. Ta danne ninkin da farce, ta miƙo mini.

"Bar shi yadda kika kawo. Mu ma a ninke aka ba mu."

Da aka girbe sabon gero, ni Kaka ta aika da kunun gindin tsamiya. Na zuba, rabi ya zube mini a ƙafa.