Rilen da Yaya Ya Lanƙwasa

Dogo kafinta ne, mutum mara son magana, wanda ko gaisuwa sai an ja ta daga bakinsa. Shagonsa yana ƙasan bene, sama kuma matar yayansa ce da 'ya'yanta. Wutar titinsu layi ɗaya ce, injin yankan katakonsa kuwa sai layi uku yake ci. Yayansa mai gyaran lantarki ne ya raba gardamar. Ya samo tsohon moton lantarki ya kafa a lungu, aikinsa kawai ya yi ta juyawa yana haifar da layi na uku. Kapasita, wata 'yar ma'ajiyar wuta, ke tayar da shi, sai wani ɗan rile, makunni mai aiki da kansa, da Yaya ya ciro daga matacciyar na'urar sanyaya ɗaki ya yanke ta da zarar moton ya kama gudu.

Rilen bai dace da aikin ba, amma Yaya ba a gaya masa bai dace ba. Ya buɗe shi, ya lanƙwasa sifirin da ke ciki da filaya, yana kunnawa yana kasa kunne, har ya daidaita. Tun daga ranar, duk wanda ya kunna, sai Yaya ya ɗaga yatsa ya ce, "Yanzu," rilen kuma ya yi ƙas kamar umarninsa yake jira.

Yaya ya rasu. Muryar ba ta tafi ba. Kowace safiya Dogo zai danna maɓalli, moton ya yi gurnani, daga bayan kafaɗarsa ya ji "yanzu," sannan ƙas. Bai taɓa waiwayawa ba. Tsoro yake ji, kuma wallahi saboda wannan yake sammakon buɗe shago.

Sai rilen ya fara maƙalewa. Wata rana kapasita ta kumbura, ƙauri ya cika shagon, garin katako ko'ina, yara suna wasa a sama. Mai gyaran da ya zo ya leƙa akwatin ya kama baki.

"Wa ya yi wannan ɗanyen aikin?"

"Wanda ya fi ka," in ji Dogo.

"To, ko a sa sabo, ko wata rana benen nan ya kama da wuta."

Dogo ya dubi rufin, ya ji gudun ƙananan ƙafafu. Ya ce a sa.

Sabon rilen ba ya jiran kowa. Kafin moton ya gama gurnani ya yi ƙas, aiki ya tashi lafiya lau. Dogo ya tsaya da yatsa a kan maɓalli, bayansa shiru. Ya kashe, ya sake kunnawa. Shiru.

A ƙasan matakala ya ga matar yayansa, da kofin shayi a hannu.

"An gyara," ya ce mata.

"Na sani, Dogo," ta ce. "Ni ma yau ban ji shi ba."